Gem ɗin na kowa ne, muryar ce taka: yadda ake naɗar bidiyon buga gem da sharhi

Duk wanda ya taɓa zaman shagon gem ya san akwai wani mutum ɗaya da ba a rasa shi a wajen. Ba lallai shi ya fi kowa iya bugawa ba, wata rana ma ko sisi bai biya ba yana dai zaune a ƙarshen benci, amma bakinsa ba ya hutawa, shi ne mai cewa kai ba shi fas mana ga shi can shi kaɗai, shi ne mai ihu in an ɓarar da fanareti, shi ne kuma zai tuna wa wanda aka lallasa uku da nema cewa shekaranjiya ma haka aka yi masa. Ranar da bai zo ba sai ka ji shagon ya yi wani iri, PES ɗin dai shi ne, talabijin ɗin ita ce, masu bugawa su ne, amma armashin babu. To aikin wannan mutumin ne wasu suka ɗauka suka mayar sana'a a intanet, kuma duk wanda bai gane haka tun farko ba zai zuba kuɗinsa da lokacinsa a inda bai kamata ba.

Abin da ake yi shi ne mutum ya buga gem, ya naɗi abin da ke faruwa a sikirin, ya naɗi muryarsa yana magana a kai, sannan ya zauna ya haɗa su ya yanke abin yankewa ya ɗora. Turawa suna ce masa Let's Play, wato zo mu buga. Wajen 2007 irin wannan bidiyon ya fara yaɗuwa, lokacin YouTube tana da shekara biyu kacal, kuma wanda ya fi fito da shi duniya ta sani wani ɗan ƙasar Suwidin ne mai suna Felix Kjellberg, wanda aka fi sani da PewDiePie, ya buɗe tasharsa a 2010 yana buga gem ɗin ban tsoro yana kururuwa, zuwa watan Agustan 2013 babu tashar da ta kai tasa mabiya a YouTube gaba ɗaya, a 2019 ya haura miliyan 100. Kuma fa shi ba ɗan gasa ba ne, mutane hira da zama suke zuwa yi da shi. Akwai kuma Twitch ta masu bugawa kai tsaye da aka buɗe a 2011, bayan shekara uku Amazon ta saye ta kan dala miliyan 970. Amma kai tsaye wani babi ne daban, yana son netwok mai ƙarfi da ba ya yankewa, ni a kan wanda ake naɗa a gyara sannan a ɗora nake magana, don shi ya fi dacewa da halin wuta da data da muke ciki.

Me ya sa nake ta nanata murya? Saboda hoton da ke sikirin ɗinka na kamfanin da ya ƙera gem ɗin ne, kuma mutum dubu nawa ne suka buga daidai wannan matakin suka ɗora kafin ka zo. An sha rigima a kan wannan. A 2013 Nintendo ta fara bin bidiyon masu buga gem ɗinta a YouTube tana karɓe kuɗin tallan da ke kai, a 2015 ta fito da tsarin rabon kuɗi wanda sai ka yi rajista da ita, masu yin bidiyo suka yi ta ƙorafi har a ƙarshen 2018 ta soke shi ta fitar da sabuwar ƙa'ida, kuma abin da ya ja hankalina a ƙa'idar shi ne ta ce mutum ya sa sharhinsa da basirarsa a ciki, kwafo hoton gem zalla a ɗora ba tare da an ƙara komai ba, wannan ba ta amince da shi ba. Ita ma YouTube in ta zo duba tasha don fara biyan kuɗin talla tana duba ko ka ƙara wani abu naka ne ko kawai kwasowa ka yi. Ka ga kenan ko ta fuskar doka, abin da ka mallaka a cikin bidiyon nan shi ne abin da ya fito daga bakinka da yadda ka tsara shi.

To bari mu zo kan ɗaukar hoton, shi ba shi da wahala sosai. Yawancinmu a waya muke bugawa, Free Fire ne, Call of Duty Mobile ne, PUBG Mobile, eFootball, Dream League. Wayoyin iPhone tun iOS 11 suna da abin naɗar sikirin a jikinsu, su kuma na Android daga Android 10 ne aka ba manhajoji damar naɗar sautin cikin waya kai tsaye ba sai ya fito ta sifika ba, a Android 11 aka sa abin naɗar a cikin wayar ma gaba ɗaya. In wayarka ta girmi haka to sautin gem ɗin sai dai makirfo ya tsinto shi daga sifika tare da duk hayaniyar gidanku. Babbar matsalar waya zafi ne, tana buga gem tana naɗa a lokaci guda, in kuma ka jona ta a caji ga zafin watan Afirilu to ba za ta yi minti ashirin ba za ta rage wa kanta gudu don kada ta lalace, sai ka ga hoton ya fara tsalle yana maƙalewa. Ka cire mata riga, ka cika cajinta tun kafin ka fara, ka rage kyan hoton gem ɗin a saiti, hoto mai tafiya sumul a 720 ya fi mai kyau a 1080 da yake cijewa, lambobin nan na nuna kyan hoton ne. Sannan don Allah ka kulle shigowar saƙonni kafin ka danna naɗa. Na ga bidiyon da alat ɗin banki ya faɗo a saman sikirin da ragowar kuɗin mutum, na ga wanda saƙon wata baiwar Allah ya fito da sunanta da lambarta, mai bidiyon bai lura ba ya ɗora haka, wannan shiga haƙƙin mutane ne.

Mai PS4 ko PS5 shi an sauƙaƙa masa, akwai madannin Share a hannun PS4, Create a na PS5, yana iya naɗa har minti 60 a jere sai ka kwashe a filas. PS4 na farko 720 yake naɗa, amma ya wadatar a fara. Ka dai tabbata filas ɗin an yi masa fomat da tsarin exFAT, don ɗaya tsarin, FAT32, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. In ka samu ɗan akwatin nan da ake jonawa tsakanin PS da kwamfuta ta wayar HDMI, irin na Elgato ko masu arha na Caina, to sai ka shiga saitin PS ka kashe HDCP, wato makullin da ke hana kwafar hoto, in ba haka ba baƙin allo kawai za ka gani ka ɗauka an sayar maka da jabu.

Mai kwamfuta kuwa manhajar naɗa mai suna OBS Studio zai sauke, kyauta ce tun 2012 kuma har yanzu manyan masu harkar da ita suke aiki. Abu biyu zan roƙe ka ka gyara a cikinta kafin komai. Na farko ka naɗa a nau'in fayil ɗin MKV, kada ka naɗa a MP4 na gargajiya. Dalili shi ne shi MP4 sai an tsayar da naɗin lafiya yake rubuta bayanin da ke sa fayil ɗin ya buɗu, in aka ɗauke wuta ko kwamfutar ta ƙame kafin nan to duka ya tafi. Ni wannan ya taɓa cina, na yi sama da awa ɗaya ina bugawa ina magana, wajen da na fi jin daɗin abin da na faɗa, batirin laftof ɗin ba ya riƙe caji, aka ɗauke wuta, da na dawo fayil ɗin yana nan da nauyinsa amma ya ƙi buɗuwa, wallahi ranar ko abinci ban ci da daɗi ba. MKV ko an katse shi abin da aka riga aka naɗa yana nan, kuma a cikin OBS ɗin akwai wajen mayar da shi MP4 cikin 'yan daƙiƙu ba tare da hoton ya ragu ba. Na biyu ka raba layin sauti. OBS tana ba da layi har shida, ka sa makirfonka a layi ɗaya, sautin gem a wani, in da abokai kuke bugawa kuna magana su ma nasu daban.

Wannan rabawar ita ce abin da ya fi komai muhimmanci a duk bayanin nan, kuma ita ce masu farawa suka fi tsallakewa. In muryarka da ƙarar gem suka shiga layi ɗaya sun cakuɗe kenan, kamar an dama fura da nono, babu mai sake raba su. Ka zo editin ka tarar ƙarar harbi ta danne abin da ka faɗa, in ka ƙara murya harbin ma ya ƙaru, in ka yi tari kana son cirewa sai dai ka cire har da sautin gem ɗin wajen ya yi rami. Amma in kowanne yana nasa layin sai yadda ka ga dama. Mai waya ko PS da ba shi da OBS ga dabara mai sauƙi, ka ari waya ta biyu, ko tsohuwa ce mai fasasshen gilashi, ka buɗe abin naɗar murya ka ajiye ta kusa da bakinka, waccan tana ɗaukar gem da sautinsa wannan tana ɗaukar muryarka kaɗai. Kuma dole ka sa iyafis a kunne, in ka bar gem yana fita ta sifika ko talabijin makirfon zai sake tsinto shi sai a ji sautin sau biyu yana bin juna. Iyafis mai waya, ba na bulutut ba, shi bulutut yana jinkirta sauti, kuma da zarar ka yi amfani da makirfonsa muryar takan koma irin ta kiran waya.

Mutane suna yawan tambayar wane makirfo za su saya, ni kuma nakan ce tukuna ina kake zama, kuma ina kake ajiye shi. Tazara ta fi tsada aiki. Duk sanda ka rage nisan bakinka da makirfo da rabi muryarka tana ƙaruwa da wajen desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ita kuwa ƙarar fanka da janareton maƙwabta tana nan yadda take, ka ga ka rinjaye su ba ka kashe ko naira ba. Kamar faɗin tafin hannu tsakaninka da shi, ka ɗan karkatar da shi gefe don kada iskar bakinka ta dinga bugunsa. Ɗan makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga ma yana yin aiki mai kyau. Wanda nake ja wa kunne shi ne mai tara kuɗi ya sayo babban makirfon sutudiyo don ya ga ana nuna shi a bidiyo, irin wannan kunnensa ya cika kaifi, zai jiyo zakaran bayan gida da hon ɗin ɗan adaidaita da ƙarar madannan hannun gem ɗinka. Irin wanda masu sanarwa ke riƙewa a wajen taro, wanda sai ka kai shi baki yake ji, shi ya fi dacewa da gidajenmu.

Sai ɗakin kansa. Ɗaki mai tayil da siminti tsirara babu kaya a ciki amsa-kuwwa yake yi, muryar ta bugi bango ta dawo, mai sauraro ya ji kamar a cikin rijiya kake. Ɗaki mai katifa da labule da kafet da kaya a rataye ya fi babban falo da aka ƙawata. Ka gane bambancin nan da kyau, ƙarar da take tafiya bai ɗaya ba ta canzawa, irin ta fanka ko janareto daga nesa, ita manhaja tana iya ragewa, a Audacity, manhajar gyaran sauti wadda ita ma kyauta ce, ka yi shiru na daƙiƙa goma a farkon naɗin, sai ka nuna mata wannan wajen ka ce wannan ce hayaniyar, ta bi sauran ta rage. Amma amsa-kuwwa da kukan yaro da sallamar baƙo ba sa fita cikin sauƙi, kuma in ka matsa wa abin rage hayaniyar da yawa sai muryarka ta koma kamar mai magana a cikin ruwa. Shi ya sa zaɓen lokaci ya fi gyara, bayan isha in gida ya lafa ko da sassafe bayan asuba. In lokacin sallah ya shigo kana tsaka da naɗa ka tsayar, ka je ka dawo, gem yana jira.

Yanzu kana da fayil biyu, ya za a yi su haɗu daidai? Masu fim tafi suke yi, amma mu tafin ba zai fito a cikin naɗin gem ba tunda sautin ciki kawai yake ɗauka. Abin da za ka yi, kana kan allon farko na gem ɗin ka danna wani madanni mai ƙara sau uku, kowace dannawa ka ce ɗaya, biyu, uku da ƙarfi daidai lokacin. In ka je editin sai ka jera ukun nan da ukun can. Ka sake yin haka a ƙarshe kafin ka tsayar, don akwai wata matsala mai ɓata rai da take ɓuya, farkon bidiyon komai daidai, zuwa minti na talatin sai ka ji ka yi ihun an ci ƙwallo tun kafin ta shiga raga ko bayan an gama murna. Abin da ke jawo haka yawanci shi ne wayoyi ba sa naɗa da adadin firem tsayayye, wato yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, in ta ji nauyi ta rage in ta samu sarari ta ƙara, wasu manhajojin editin kuma suna ɗauka adadin ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Maganinsa ka bi da bidiyon ta manhajar HandBrake ka zaɓi firem tsayayye, 30 ko 60, kafin ka fara aiki a kansa. Sauti kuma ka daidaita komai a kan 48 kilohaz, kada wani ya zama 44.1 wani 48.

Abin da za a faɗa kuma fa? Nan ne mutum yake gane cewa magana kana bugawa aiki ne mai zaman kansa. Da wasa ya yi zafi sai baki ya mutu, ka duba naɗin ka tarar minti huɗu ba ka ce uffan ba sai numfashi. Wasu kuma tsoron shirun ne yake sa su surutu marar kan gado, suna faɗin abin da kowa yake gani da idonsa, ga ni ina gudu, ga ni na yi tsalle. Mai kallo yana da ido. Abin da ba ya gani shi ne abin da ke cikin kanka, me ya sa ka bi ta hagu, me kake tsoro a bayan ginin can, me ya sa ka cire ɗan wasan tsakiya ka sa mai tsaron baya, wane kuskure ka yi jiya a daidai nan. Masu sharhin ƙwallo a rediyo da Hausa su ne malamanmu a nan, ka saurari yadda suke ɗaga murya da sauke ta, ba kowace ƙwallo ake yi wa ihu ba. In gem ɗin na gasa ne da yake son natsuwa, ko koyarwa kake son yi, to ka buga shiru ka yanke tukuna sannan ka zauna kana kallo kana ɗora bayani, ya fi fita tsaf. Amma kada ka ƙirƙiri firgita ko mamakin da ba ka yi ba, ana ganewa.

Akwai wani gurbi da nake ganin namu ne mu masu Hausa kuma har yanzu a buɗe yake. Mu nawa ne muka buga GTA San Andreas, wanda ya fito tun 2004, muka yi shekaru muna satar mota muna tsere da 'yan sanda ba mu san ma akwai labari a ciki ba, cewa jarumin gem ɗin CJ ya dawo garin Los Santos ne bayan shekara biyar saboda an kashe mahaifiyarsa? Da an fara magana sai mu danna mu tsallake don Turancin ya yi sauri. Mutanen da suke zama su kalli fim ɗin Indiya na awa uku saboda an fassara musu shi da Hausa, su ne dai za su zauna su bi labarin gem in an samu mai warware musu shi da harshen da suke mafarki da shi. Sai dai wannan yana son ladabi, in mutanen cikin gem suna magana ka yi shiru su gama sannan ka fassara, kada ku yi ta haɗa baki. Kuma kai ne mai tacewa, gem irin wannan cike yake da ashar da abubuwan da ba za ka so ƙaninka ya gani ba, ka san yara ne za su fi kallonka, abin da bai dace ba almakashi ya bi ta kansa. Haka muryar baƙin da kuke haɗuwa da su a cikin wasa, in wani yana zagi ka kashe layinsa.

Editin ɗin kansa ko da CapCut ko KineMaster a waya, ko DaVinci Resolve da Shotcut a kwamfuta, duk aikin ɗaya ne, yankewa. Ka tuna wanda zai kalle ka data ya saya da kuɗinsa, wataƙila ma ta ɗari biyu ce, bai saye ta don ya kalli allon jira ko ya ga kana zaɓen riga na minti uku ba. Naɗin awa ɗaya ni yakan dawo min minti goma sha biyar zuwa ashirin, kuma yankewar takan ci lokaci fiye da bugawar nesa ba kusa ba. In ka faɗi a waje ɗaya sau tara, ka bar na farko da wanda ya fi ciwo da wanda ka haye, sauran ka wuce su da sauri, amma kada ka share faɗuwar gaba ɗaya don ita ce take sa a ji daɗin nasarar. Wata dabara da take rage wahala, kana cikin naɗa in wani abu mai kyau ya faru ka yi tafi sau biyu kusa da makirfo, in ka buɗe layin muryar za ka ga tsini biyu a tsaye ka san nan ne, ba sai ka sake kallon awa guda ba. Kada kuma ka bi salon masu yanke kowane numfashi har magana ta zama kamar ana koran mutum, Hausa tana da nata taku, ɗan shirun da ke gaban magana mai nauyi yana cikin maganar.

Farkon bidiyo kuwa, sallama tamu ce ba za mu bar ta ba, amma assalamu alaikum da jimla ɗaya ta abin da za a yi yau sun isa. Gaishe-gaishen 'yan unguwa da roƙon a danna a bi tasha a ajiye su sai can gaba. YouTube Studio tana nuna maka zanen inda mutane suke ficewa, har da kason da suka rage bayan daƙiƙa 30 na farko, ka duba shi bayan kwana biyu, duk inda ka ga layin ya gangara ka koma ka kalli wajen za ka ga dalili da idonka.

Daidaita ƙara, muryarka ta dinga kaiwa tsakanin -12 da -6 a ma'aunin ƙarar da ke cikin manhajar, kada ta taɓa sifili don in ta fashe ta fashe kenan, shi ya sa tun wajen naɗa za ka gwada ihu ɗaya ka ga inda ya kai. Sautin gem ya zauna ƙasa da kai sosai, in ka yi shiru a ɗan ɗago shi. Sannan ka cire hedfon ka saurara ta sifikar ƙaramar waya, don da ita yawancin masu kallonka za su ji ka, wani a shago wani a cikin mota, in ana gane kowace kalma a nan to ya yi.

Kiɗa shi ne tarkon da ya fi kama mutane. Waƙoƙin da ke tashi a allon farko na FIFA, wanda tun 2023 ya koma EA Sports FC, da na rediyon mota a GTA, na mawaƙa ne aka yi hayarsu don gem ɗin kawai, na'urar YouTube mai suna Content ID tana gane su ko kana magana a kai, sai kuɗin tallan ya tafi wajen mai waƙar ko a toshe bidiyon a wasu ƙasashe. Wannan ma mai sauƙi ne, in mai haƙƙi ya shigar da ƙorafi aka sauke bidiyon to gargaɗi ne a kan tasharka, uku suka taru an rufe ta. Ka shiga saitin gem ka mayar da kiɗa sifili tun kafin ka fara naɗa, don yana layi ɗaya da sauran sautin gem ba ya ciruwa daga baya. In kana son ɗan kiɗa a ƙasa akwai na kyauta a ma'ajiyar sauti ta YouTube, ni dai sau da yawa ba na sawa, ƙarar filin wasa da 'yan kallo ta ishe ni.

Maganar kuɗi a gurguje, kafin a fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin wata 12, ko mabiya 1000 ɗin da kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90, kasonka a dogon bidiyo 55 cikin ɗari ne, kuma sai ya kai dala 100 ake turowa. Tallan da ake nuna wa masu kallo a nan ba ya biya kamar na Amurka ko Ingila, don haka wanda ya shigo da lissafin sayen mota zai gaji da wuri.

Saura lissafin data, wanda dole a yi shi kafin a fitar da bidiyo. Shawarar YouTube ita ce megabit 8 a daƙiƙa ga 1080 mai firem 30, 12 ga mai firem 60, 5 ga 720 mai firem 30. Ka raba da takwas ka samu megabait, wato 8 ɗin nan mega 1 ce duk daƙiƙa, mega 60 a minti, bidiyon minti 15 ya tashi mega 900, in firem 60 ne ya haura giga 1.3, a 720 kuma wajen mega 560. Wajen naɗa ka ba shi ingancin da ya fi haka tunda memori kawai yake ci, wajen fitarwa ne za ka matse. Gem ɗin harbi da ƙwallo sun fi son firem 60, na labari 30 ta ishe shi. Ka ɗora da dare lokacin da netwok ya fi sakewa, ka bar shi a ɓoye tukuna, don YouTube ƙaramin hoto take fara gamawa, in ka sake shi nan take waɗanda suka fara zuwa dishi-dishi za su gani, ka jira har 720 ko 1080 ɗin ya bayyana. Kafin nan ka yanko daƙiƙa talatin mafi zafi ka mayar da shi a tsaye don TikTok da Facebook da satatus ɗin WhatsApp da sunan tasharka a jiki. Babban fayil ɗin gem kana iya goge shi bayan ka kalli wanda ka ɗora daga farko har ƙarshe ka tabbatar lafiya yake, amma na muryar ka bar shi a ajiye, awa guda a MP3 ba ya cin memori sosai.